Ranar Fitar da Jirgi Daga Ruwa: Daga Fadamar Kalgo Zuwa Tashar Jidda

Kowane jirgin ruwa, ƙarami ko babba, yana da ranar da dole a raba shi da ruwa a duba ƙasansa. Ɓangaren da ke nutse shi ya fi shan wahala, kuma shi ne ido ba ya kaiwa gare shi. In jirgin katako ne, ruwa na jiƙa ƙasansa rana na busar da samansa, ƙusoshi su yi tsatsa, haɗin alluna ya buɗe. In na ƙarfe ne, gishirin teku na cin sa a hankali, gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo su manne masa har gudunsa ya ragu, ya riƙa shan mai fiye da kima. Yadda ake gyaran ba ɓoyayye ba ne ga masu sana'ar. Wahalar tana wajen zaɓen lokaci, domin jirgin da ke kan tudu ba ya kawo ko kwabo, kuma lokacin da aka fi bukatarsa a ruwa shi ne lokacin da rauninsa ke iya kashe mutane. Mai kwale-kwalen fito a fadamar Kalgo da kamfanin da ke da jirgin yawon shaƙatawa mai ɗaukar mutum 5,000 duk wannan lissafi suke yi, sai dai ɗaya doka ta ɗaure shi da kalanda, ɗayan kuwa an bar shi da aljihunsa.

Kalandar ruwa a ƙasar Gwandu

Garin Gwandu ba a bakin babban kogi yake ba, amma masarautar da ta ɗauki sunansa ta daɗe tana hulɗa da ruwa. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba kula da daula a 1812, ɓangaren yamma ya koma hannun ƙanensa Malam Abdullahi, kuma ƙasashen da suka zama ƙarƙashin Gwandu sun bi Kogin Kwara ne: Sayi a yamma, Yawuri a tsakiya, Nupe da Ilori a kudu. Mai mulkin irin wannan ƙasa ba ya rabuwa da 'yan fito. Kalgo kuwa tana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, kusa da faffaɗar fadamar Gulbin Kebbi, kuma hanyar da ta tashi daga nan zuwa Bunza da Kamba sai ta ratsa wannan fadama.

Gulbin Kebbi ruwan damina ke cika shi. Yana tattaro ruwan Rima da na Gulbin Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da ya biyo ta Jega, sannan ya faɗa Kwara. A watannin Agusta da Satumba fadama na zama tamkar tafki, gonakin shinkafa da tungayen da ake zuwa da ƙafa ko babur su koma sai da jirgi. Madatsun Bakolori da Goronyo sun ƙara wa lissafin wani abu, domin sakin ruwa daga sama na iya ɗaga gulbi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafa mai yawan gaske a jihar Kebbi, ya san yadda kwale-kwale ke zama hanya ɗaya tilo ta zuwa kasuwa da asibiti. Da kaka ta wuce sai ruwa ya ja baya, ya bar tafkuna da ƙoramu, jirage da yawa su rasa aiki.

Kwara ita tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan da ake yi a nan kusa ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa ne mai laka, fari-fari. Ta biyu daga tsaunukan Gini take tasowa, amma sai ta yi watanni tana ratsa fadamun Masina a ƙasar Mali, lakarta ta kwanta, ba ta iso Nijeriya sai wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Saboda haka manyan jiragen Yawuri suna da dogon lokacin aiki, kuma ratar da ke gare su ta hutu da gyara gajera ce: daga bazara zuwa farkon damina, sa'ad da kogi ya yi ƙasa, yashi ya fito, tafkin Kainji ya ja da baya.

Gyaran jirgin katako aiki ne na kunne da hannu. Akan jawo shi kan gaɓa bisa itatuwan da aka jera, a kifa shi ko a karkata shi gefe. Kafinta ya bi alluna yana ƙwanƙwasawa, don sautin lafiyayyen katako dabam yake da na ruɓaɓɓe. Allon da ya mutu a cire a sa sabo, haɗin da ya buɗe a cusa masa tsumma ko auduga a bi da narkakkiyar kwalta, inda ya tsage a buga fallen kwano. Wuri biyu sun fi bukatar a zuba musu ido: itatuwan ciki da ke riƙe da alluna kamar haƙarƙari, da allon baya inda ake ɗaura inji, wanda girgiza ke sassauta ƙusoshinsa kullum. Shi kuma jirgi ba a son ya daɗe a tudu, don iskar hunturu da zafin bazara na tsaga shi. Shi ya sa wasu ke nutsar da ƙaramin kwale-kwale a ruwa mara zurfi idan ba ya aiki. Maɗaci da ƙawo da maje, waɗanda aka san su da sassaƙar jirgi, manyansu sun yi ƙaranci a arewa, katako mai kyau sai an kawo daga nesa da tsada. Nan ne faci ke hawa kan faci, har a saba da ganin yaro zaune a tsakiyar jirgi yana kwarfe ruwa tun daga tashi har sauka, a ɗauka haka jirgi yake.

Tarihi ya ajiye misalan wannan sana'a a kan Kwara. A ƙarshen 1805 Baturen nan Mungo Park ya rasa jirgi mai kyau a Sansanding ta ƙasar Mali, sai ya ɗauki tsofaffin jirage, ya yar da ruɓaɓɓun sassa, ya haɗa masu lafiyar suka zama jirgi ɗaya mai tsawon ƙafa 40. Da shi ya gangaro ya wuce Yawuri, kafin ya halaka a duwatsun Busa. Wani Baturen kuma, Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a watan Mayu na 1853 zamanin Sarki Halilu, ya ƙetare Kwara a Sayi a watan Yuni, kuma jiragen da suka fitar da shi itace biyu ne da aka fafe aka ɗinke a tsakiya. Irin wannan ɗinki kullum sai an sabunta shi, don haka gyara ba ya rabuwa da jirgin tun ranar da aka sassaƙa shi.

A zamanin Turawa ne aka fara tsara gyara da kalanda a kogunan Nijeriya. Kamfanin Royal Niger, da UAC da ta gaje shi, sun kafa sansanin jiragensu da ma'aikatar gyara a Burutu, can bakin teku. Jiragen na hawa Kwara zuwa Lakwaja da Baro, inda layin dogo na Kano ya sauko a 1911. Binuwai kuwa ba ta ɗaukar manyan jirage har Garwa ta Kamaru sai na 'yan makonni a tsakiyar damina. A cikin wannan ɗan lokaci sai an kai gishiri da siminti da mai, an kwaso gyaɗa da auduga, an fito kafin ruwa ya janye. Don haka akan tattara jiragen da yawa a tura Binuwai gaba ɗaya, kuma duk wanda bai gama gyara da rani ba ya rasa shekarar. A Mali ma manyan jiragen fasinja, masu tashi daga Kulikoro su nufi Mopti da Tumbuktu da Gawo, watannin cikar kogi kaɗai suke aiki, sauran shekara suna ɗaure.

Otal a kan teku

Jirgin yawon shaƙatawa ba don kai mutum wani gari aka yi shi ba. Fasinja na shiga ya kwana bakwai ko goma, ya ci, ya sha, ya yi kallo, jirgin na tsayawa a tashoshi ana fita yawo a dawo. Manyansu sun fi unguwa guda yawan jama'a. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000.

Dokar da ta tilasta fitar da irin wannan jirgi daga ruwa ta samo asali ne daga nutsewar Titanic a 1912. Bayan shekara biyu ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda aka sani da SOLAS, kuma wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce da gyare-gyarenta. Ƙa'ida ita ce a duba ƙasan jirgin fasinja kowace shekara, kuma a cikin shekara biyar a yi akalla biyu daga cikin waɗannan dubawa jirgi na kan busasshiyar ƙasa. Sauran masu nutso na iya yi a cikin ruwa. Masu dubawar ba ma'aikatan mai jirgi ba ne. Hukumomi ne masu zaman kansu irin su Lloyd's Register ta Ingila, da DNV ta Norwe, da RINA ta Italiya. In suka hana takarda, inshora ta janye, tashoshi su ƙi karɓar jirgin. Ƙarfin tsarin ke nan: mai jirgi ba shi da ikon cewa a bari sai baɗi.

Wurin gyaran wani dogon kwarmi ne na kankare a bakin teku, mai ƙofa. Kafin jirgi ya zo akan zuƙe ruwan kwarmin, a jera ginshiƙan ƙarfe masu kan katako daidai da taswirar ƙasan wannan jirgi, don kowane jirgi da inda nauyinsa ke sauka. Sai a mayar da ruwa, a buɗe ƙofa, a jawo jirgin a hankali, masu nutso su tabbatar ya daidaita, a rufe, famfuna su zuƙe ruwa har ya zauna kan ginshiƙan. Akwai kuma irin mai iyo, wanda ake cika tankunansa ya nutse, jirgi ya shiga, a fitar da ruwan ya taso da shi sama.

Da ƙasan jirgi ya bayyana, aiki biyu ke tafiya tare. Na farko shi ne wanda doka ta sa. A wanke jikin jirgin da ruwa mai ƙarfi, a kankare tsatsa, a auna kaurin ƙarfe, a shafa fenti mai hana halittu mannewa. A duba farfela da abin juya jirgi da robobin da ke hana ruwa bin sandar inji ya shiga ciki. A zube sarƙar anka a ƙasa a auna ta gaɓa-gaɓa. A gwada ƙananan jiragen ceto. A nan ne kuma ake cusa na'urorin da sababbin dokoki suka kawo: tun daga Janairun 2020 an rage yawan ƙibiritun da aka yarda da shi a man jirage daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5, abin da ya sa jirage da yawa suka sa na'urar wanke hayaƙi. Aiki na biyu na kasuwa ne: sabunta ɗakuna, shimfiɗa sababbin dardumai, rushe wani gidan abinci a gina wani, ƙara ɗakunan kwana. Shi ya fi cin kuɗi. Gyaran da aka yi wa Oasis of the Seas a Kadis ta Sifen a 2019 ya ci dala miliyan 165. Wani lokaci har yanka jirgi ake yi gida biyu a sa masa sabon tsakiya, kamar yadda ma'aikatar Fincantieri ta Palermo ta ƙara wa jirage huɗu na kamfanin MSC mita 24 kowanne a 2014 da 2015.

Gyara na yau da kullum ba ya wuce mako biyu zuwa uku, don haka komai sai an shirya shi tun da wuri. Ana auna ɗakuna jirgi na cikin aiki, a ƙera kayan a masana'antu, a loda su a kwantenoni bisa jerin ranar da za a bukace su. 'Yan kwangila ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, suna kwana a cikin jirgin, ana aiki dare da rana. Sau da yawa sukan shiga tun a tashar da fasinja na ƙarshe ya sauka, su fara ɓamɓare tsofaffin kaya a kan hanyar zuwa ma'aikata. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan sana'a ranar tafiyar an riga an sayar da ita: tikitin tafiyar da za ta biyo bayan gyara yana hannun mutane tun shekara guda ko fiye da ta wuce. Jinkirin kwana uku na nufin mayar wa dubban mutane kuɗinsu.

Idan aka sauya wa jirage wurin aiki

Jiragen shaƙatawa bin yanayi suke yi. Daga Afrilu zuwa Oktoba suna Bahar Rum da arewacin Turai da Alaska. Da sanyi ya shigo sai su koma tsibiran Karibiyan, ko Tekun Fasha wajen Dubai da Doha, ko Afirka ta Kudu da Ostareliya. Ratar da ke tsakanin kakar aiki biyu, lokacin da jirgi ke ƙaura, ita ce ta fi dacewa da gyara, domin a lokacin ne asarar ta fi sauƙi. Matsalar ita ce kowa wannan ratar yake so, kuma kwarmin da zai ɗauki jirgi mai tsawon mita 330 ko fiye ba su da yawa a duniya. Akwai na Kadis, da na Marsay a Faransa mai tsawon mita 465, da na Brest, da Hambug, da Palermo, da Singafo, da Freeport a tsibiran Bahamas. Saboda haka kamfanoni na kama layi shekaru kafin lokaci, kuma mai tsara hanyoyin jirage da mai tsara gyara sai sun zauna kan takarda ɗaya: jirgin da zai bar Bahar Rum ya nufi Karibiyan a Nuwamba, a Kadis ya kamata ya tsaya, don tana bakin hanyarsa.

Ƙarancin wuraren ya sa haɗari guda kan girgiza tsarin gaba ɗaya. A ranar 1 ga Afrilu 2019, Oasis of the Seas na kan kwarmi mai iyo a Freeport, sai kwarmin ya samu matsala, ƙugiyar ɗaga kaya ta faɗo kan jirgin, mutum takwas suka ji rauni. Aka soke tafiye-tafiye uku, jirgin ya ƙetare Tekun Atlantika zuwa Kadis don a gyara shi. Kwarmin da ya lalace shi ne mafi girma a yankin, don haka shekaru bayan nan manyan jiragen da ke aiki daga Amurka sai sun je Turai gyara, su ɓata makonni a hanya babu fasinja. Annobar korona ta 2020 ta yi abin da ya fi haka: jirgin Carnival Victory ya isa Kadis don a mayar da shi Carnival Radiance, aiki ya tsaya, bai fito da sabon sunansa ba sai ƙarshen 2021.

Wani sauyin kuma ba na yanayi ba ne, na kasuwa ne, kuma shi ne ya fi nuna dalilin da ya sa ƙaura da gyara ke tafiya tare. An ƙera Norwegian Joy a 2017 don mutanen Sin, da gidajen shayi da manyan shaguna irin waɗanda suke so. Da kamfanin ya yanke shawarar mayar da shi Alaska a 2019, sai da ya kashe kusan dala miliyan 50 wajen sake fasalin cikinsa don Amurkawa. Costa Venezia ma don kasuwar Sin aka yi shi. A 2023 ya bi ta Kadis, ya fito a matsayin Carnival Venezia, ya koma aiki daga New York. Misalin da ya fi kusa da alhazai da 'yan umara shi ne na jirgin da ke tashi daga Jidda. An ƙera shi a Jamus a 2017 da sunan World Dream, kamfaninsa ya karye bayan korona, kamfanin Cruise Saudi ya saye shi a gwanjo a 2023. Aka kai shi Bremerhaven aka yi masa gyara mai zurfi, aka cire gidan caca, aka tanadi wuraren salla da abincin halal, ya fara aiki a Disambar 2024 da sunan Aroya. Ƙarfen jirgin da injinsa na da ne, amma fasinjan ya sauya, don haka cikin ma sai da ya sauya.

Yaƙi ma na sauya hanya. Tun Nuwambar 2023, da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, hanyar Suwez ta zama abin tsoro. A farkon 2024 kamfanin Carnival ya sauya hanyar jirage 12, MSC kuma ya soke tafiye-tafiye uku ya zagayo da jiragen ta kudancin Afirka babu fasinja, suka wuce ta yammacin nahiyar zuwa Turai. Zagayen na ƙara kwanaki masu yawa, kuma kwanakin daga wani wuri ake ciro su: ko a soke tafiyar da aka sayar, ko a taƙaita gyara, ko a nemi wani layin a wata ma'aikata. Abin lura shi ne, ɓangaren kasuwa ake fara yankewa. Darduma na iya jira, amma wa'adin duba ƙasan jirgi ba ya jira, don ranarsa na rubuce a takardar da jirgin ke yawo da ita.

Inda aka bar rata a gida

Jiragen Kebbi ma suna ƙaura. Sarkawa sun daɗe suna bin kifi daga gulbi zuwa tafkin Kainji, zuwa Binuwai, har Tafkin Cadi. Jirgin da ya yi rani yana dakon albasa ko buhunan shinkafa, da damina sai ya koma fito. Wanda aka ƙera don kaya, ranar kasuwa ko biki ko Maulidi sai a cika shi da mata da yara da babura. Wannan sauyin aiki ne daidai da na Norwegian Joy, illa dai a nan cikin dare ɗaya ake yin sa, ba a ƙara allo ko ɗaya ba, ba wanda ya ƙidaya nauyin da zai iya ɗauka. Buhu ba ya motsi, mutum kuwa in ya firgita yakan miƙe ya koma gefe ɗaya. Kuma jirgin da ya saba da ƙoramar fadama ba lalle ya jure igiyar da iska ke tayarwa a faɗin Kainji ba. A ƙarƙashin tafkin kuma akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun da aka gama madatsar a 1968, suna jiran allon da ya yi laushi.

Sakamakon sananne ne. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum fiye da 150, ya dare a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai kusan 20 ne kacal. Hukumomi sun danganta abin da lodi fiye da kima da kuma tsufan jirgin. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure da dare. Bayan kowane haɗari akan yi maganar lodi da tafiyar dare da rigar ceto, kuma duka gaskiya ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce yaushe rabon da a kifa wannan jirgi a ƙwanƙwasa allunansa, kuma wa ya gani.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin rajista da duba jirage, kuma dokokin sufurin ruwa na 2023 sun hana tafiyar dare da wuce kima wajen lodi, sun wajabta rigar ceto. Amma mashigai sun yi yawa, jami'ai ba za su tsaya a kowane ba. Abin da tsarin manyan jirage ke koyarwa ba kwarmin kankare ba ne, don jirgin katako gaɓa mai gangare da itatuwan mirginawa sun ishe shi. Abu uku ne masu arha: ranar dubawa da aka tsayar tun da wuri, mai dubawa wanda ba shi ne mai jirgin ba, da alamar da fasinja zai gani da idonsa kafin ya sa ƙafa. Ranar ma ruwa ya riga ya tsayar da ita. A fadamar Gulbin Kebbi, daga janyewar ruwa zuwa watan Yuni akwai isasshen lokaci, kuma bai kamata jirgin fito ya shiga Agusta ba a duba shi ba. A Yawuri da Ngaski da Shanga da Bagudo ratar ta fi ƙunci, don haka dole a jera jiragen layi, kada duk su hau tudu a mako ɗaya kasuwa ta rasa fito, kada kuma kafintoci su yi aikin gaggawa. Masu dubawa kuwa akwai su: sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin matuƙa sun san kowane jirgi da shekarunsa, abin da suka rasa shi ne ikon hana shi lodi da goyon bayan hukuma in sun hana.

Kuɗi ne ya fi kawo cikas, domin bazara, lokacin da ya fi dacewa da gyara, ita ce lokacin da hannun mai jirgi ya fi bushewa, ga shirin noma a gaba. Rancen katako da ƙusa da za a biya bayan damina ta kawo fasinja zai fi amfani ga irin wannan mutum fiye da gargaɗi. Gwamnatin tarayya kuma ta yi ta kira a bar jiragen katako a koma na roba mai zare ko na alminiyam. Waɗannan ba sa ruɓewa, amma suna tsagewa in sun daki kututture, kuma ƙusa da kwalta ba sa gyara su. Na roba sai da zaren gilashi da ruwan gam na musamman da busasshen wuri mai inuwa, na alminiyam sai mai walda da ya ƙware a kansa da wutar da za ta ɗauki injinsa. Duk garin da za a kai wa irin waɗannan jirage, sai an kai masa kayan gyaran da wanda zai koya wa kafintocin wurin tare da su.